Ƙasan Tankin Da Ban Auna Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Hajara, wadda bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba sai dai in ce Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Gashuwa lafiya, kin sami ɗakin da aka ba ki ba ya yoyo, kuma maƙwabtan naki mutanen kirki ne. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a kan tsani. Mu nan Nguru lafiya lau, sai dai gidan ya yi mana faɗi tun ba ki kai ga fita ba.

Na san za ki yi dariya idan kika buɗe akwatin gejinki, na'urar nan ta awon kaurin fenti, kika ga takardu a ƙarƙashin soso. Daga nan zuwa Gashuwa tafiyar da mutum zai yi bayan karin kumallo ya isa rana ba ta yi zafi ba, ga waya a hannun kowa, amma tsoho ya zauna yana cika takarda kamar wadda za ta ƙetare teku. To, ki yi dariyarki. Abin da ke raina ba ya faɗuwa a waya. Ido da ido ma na gwada, na kira ki tsakar gida na gyara murya, sai na ƙare da tambayarki ko kin saka gidan sauro a jaka.

Ga maganar. Kamfanin da ya ɗauke ki, aikinsa ya bi tankunan ruwan da ake kafa wa ƙauyuka ya duba ko an yi su yadda aka ce, ke kuma an damƙa miki awon kaurin fenti. Cikin waɗanda za ki fara da su akwai na ƙauyen nan da ke bayan Jajimaji, kuma ni da ke mun san hannun da ya fesa shi. Nawa ne. Shekaranjiya ina alwala a bayan katanga, ba laɓe nake yi ba, na ji kina ce wa innarki tana gyaran kifi, “Inna, idan lambar ba ta kai ba fa? Ni zan rubuta da hannuna a ce Baba ya kankare ya sake?” Ita kuma Yagana, Allah Ya bar mana ita, ta ce, “Ke ma dai da neman wahala. Ki ɗora abin a inda kika san yana da kyau mana. Wa zai hau sama ya bi bayanki?” Wannan tambayar taki ce ta sa na nemi biro.

Kada ki ga laifinta. Ita ce take shafa mini man zafi a gwiwa, ta san yadda nake sauka daga babur yanzu. Tausayi ne ya yi magana da bakinta. Amma kafin in ce miki ga abin da nake so, bari in ba ki labarin wautar da na tafka a sana'ar nan, don ki san wanda yake miki magana ba gwani ba ne da aka haifa da bindigar fenti a hannu.

Lokacin da na bar wurin maigidana na kafa rumfata kusa da tsohuwar tashar jirgi, abu ɗaya na yarda da shi: fenti mai kauri shi ne fentin mutunci. Haka kuwa mutanen garin nan suke so. Ɗan kasuwar Nguru idan ya zo duba ƙofar da ka fesa masa, ba da ido yake duba ta ba, babban yatsa yake sawa ya danna. Idan ya ji tudu sai ya ce ka yi aiki. Wani Alhaji mai hatsi, cikin Haɗejawan nan na bakin kasuwa, ya ba ni ƙofofin sitonsa, ya ce, “Ado, ka zuba musu sosai, kada ka yi mini rowa.” Ni kuwa da ƙuruciya da son a yaba, na zuba. Shafi a kan shafi, na ƙasa bai gama bushewa ba na ɗora wani. Ƙofofi suka fito suna ƙyalli, har masu dako suna tsayawa kallo. Na yi kwanaki ina bi ta layin ba tare da wani dalili ba.

Da bazara ta kama, ƙarfe ya ɗauki zafi, sai fentin ya tsattsage kamar laka idan ruwan fadama ya janye. Damina ta zo, ruwa ya shiga ta tsagogin ya kwanta a ƙarƙashi. Alhajin ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a kan buhu, ya kama gefen fentin da yatsa biyu ya ja, ya biyo hannunsa falle guda. Ya ce, “Ado, ƙofar nan tawa saɓa take yi kamar maciji. Ko sabon yayi ne ban sani ba?” Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Haka na tsuguna a rana ina kankara masu dakon nan suna wucewa suna mini sannu da aiki.

Don haka idan kika ɗora geji kika ga lamba ta haura abin da aka gindaya, kada ki ce mai aikin ya yi kyauta. Iyakar nan biyu ce, akwai ta ƙasa akwai ta sama, kuma duk ba a banza aka sa su ba. Za su ce miki, “Haba Injiniya, mun ƙara ne don Allah.” Wataƙila ma gaskiya suke faɗa, ni ma don Allah na ƙara. Ki yi musu bayani da sanyin murya, amma ki rubuta abin da kika gani.

Wauta ta biyun ta fi ba ni kunya, ko da yake yanzu dariya take ba mu. Kin san Maina, abokina Babade mai sayar da banda a Gashuwa, wanda kike ce wa Baba Maina. A wancan zamani babu geji a hannun kowa a nan. Abin awonmu mayen ƙarfe ne da muke cirowa daga tsohuwar sifika, mu naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti. Idan ka ɗora a jikin mota ya cafke, ƙarfe na kusa. Idan ya yi sanyi-sanyi ko ya zame, to an cike wurin da foti, ƙullun nan da ake toshe lotsawa da shi kafin a fesa. Maina zai sayi a-kori-kura don kai kifi kasuwanni, ya ce in zo in duba masa. Ranar Juma'a ce, na sauko daga masallaci da farar shadda sabuwa fil. Na zagaya motar ina ɗora maye a ƙofofi, a bonet, a gefe da gefe. Ko'ina ya cafke. Na ɗaga kai na kalli rufin, na kalli rigata, na ce a raina wa zai taɓa rufi. Na ce, “Maina, saya. Wannan ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.”

Ashe motar ta taɓa wuntsilawa ƙafafu sama. Rufin nan gaba ɗaya foti ne aka lailaye. Hanyar Kumagannam ta girgiza ta ba sau ɗaya ba, sai ga rufi yana faɗowa gutsure-gutsure kamar busasshen tuwo, ruwan sama yana zuba a kan direba. Maina ya zo rumfata da gutsure ɗaya a aljihu, ya ajiye mini a kan benci, ya ce, “Malam Ado mai farar riga, ga tsarabar motarka.” Har yau sunan da yake kirana ke nan. Idan kin je gaishe shi zai ba ki labarin, kuma zai ƙara gishiri, ki rage rabi.

Abin da na koya a nan shi ne, mai ɓoye aibi ya san daidai inda hannun mai dubawa yake kaiwa ba tare da wahala ba, nan yake gyarawa. Wanda ba ya ɓoye komai ma, mai tsoron Allah, a wuraren nan dai hannunsa yake gajiya: sama can, ƙarƙashi, bayan bututu, lungun da sai an rankwafa. Saboda haka idan kika auna inda ya yi miki daɗin tsayuwa kawai, ba ki auna komai ba. Ki sa kayan aikinki. Dogon wandon nan da innarki ta ɗinka miki da ɗan gajeren hijabin da ba zai sarƙe a tsani ba, ba don ado aka yi su ba. Za a taru a ƙasa ana kallon mace a sama, wani zai ce wani abu. Ki ɗaura bel ɗinki, ki duba ƙugiyarsa da kyau, ki yi bismillah ki hau. Masu magana ba su za su sha tsatsa ba.

Sai zuwan geji. Kina makarantar sakandare na fara ganinsa a hannun wani mai duba aiki, ɗan abu kamar ƙaramar waya, ya ɗora hancinsa a ƙarfe ya yi ƙara ɗis, lamba ta fito. Na kasa barin wurin. Abin da na yi shekaru ina lalube da yatsa da zato, ga shi an rubuta shi ɓaro-ɓaro, kaurin da bai fi na 'yan silin gashi ba. Da na je Kano sayen kaya ban dawo ba sai da nawa. Kin tuna abin da na yi a gidan nan? Babu ƙarfen da ya tsira. Ƙofar gida, akwatin makarantarki, keken ɗinki, har kwanukan jeren innarki na sauko da su ina aunawa tana bina tana ƙwacewa. Da na ɗora a tukunyar alminiyam ya ƙi magana, na ce shi ke nan an cuce ni. Ke kika ɗauki 'yar takardar da ke cikin kwalin kika karanta, kika ce, “Baba, wannan irin da maganaɗisu yake aiki, baƙin ƙarfe kawai yake ji. Na alminiyam daban ne.” Ke kika nuna mini yadda ake mai da shi sifili a kan ƙarfe tsirara, sannan a gwada shi da 'yan ledojin nan da aka san kaurinsu. Tun ranar na ga inda kika dosa, na yi ta jin daɗi a raina.

To da gejin ma sai da na yi wauta, don na ɗauka tunda na'ura ce ba ta buƙatar hankalina. An kawo mini wani ƙaramin tanki na farin ƙarfe, irin wanda aka riga aka lulluɓe da zinki tun daga masana'anta. Na yi masa shafi ɗaya siriri, ya bushe, na ɗora geji, sai ga lamba ta kusa cika. Na ce kai, hannun nan nawa akwai albarka. Na tattara kaya. Ban san cewa geji ba ruwansa da sunan abin da ke tsakanin hancinsa da baƙin ƙarfe ba, duk abin da ya tarar a tsakani lissafawa yake yi. Zinkin ya haɗa da fentina ya ba ni jimla, ni kuma na karɓe duka a matsayin aikina. Ba a daɗe ba fentin ya koɗe, farin ƙarfe ya leƙo. Tun daga nan ba na fesa komai sai na fara auna shi tsirara na san abin da na tarar.

Ke kin karanta wannan a makaranta fiye da ni, na sani. Amma abin da aka karanta daban yake da abin da ake tunawa ana tsaye a rana, ciki da yunwa, direba yana danna ham. A irin wannan lokacin ne mutum yake cewa sifilin jiya ya isa. Bai isa ba. Ki sake shi duk safiya, kuma a kan irin ƙarfen da za ki auna, ba a kan ɗan faifan nan mai santsi na cikin akwati kawai ba. Kada ki ɗora a bakin ƙarfe, lambar wurin ba ta da tabbas. Kada ki yarda da ɗorawa ɗaya, ki ɗan matsa ki sake, ki sake. Kuma don Allah ki bari fenti ya bushe. Na taɓa bin jikin wata sabuwar adaidaita da geji tun fentin yana da taushi, na bar mata tabo ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda, mai ita ya zo ya tsaya yana salati.

Akwai ɗaya kuma da ta shafi baki, ba hannu ba. Wani abokin sana'a a Gashuwa, Gambo, ya fesa ƙofar wani masallaci, na je wucewa da sabon gejina a aljihu yana mini ƙaiƙayi. Ba wanda ya tambaye ni. Na ciro na ɗora, lambobi suka yi ta tsalle, na ce a gaban jama'a, “Gambo, wannan aikin ai bai daidaita ba.” Fuskarsa ta canza. Sai da na koma gida na ga garin ƙarfe ya manne a hancin gejin, don a aljihun da nake zuba ƙusoshi na jefa shi, shi kuma maganaɗisu ne, komai ya samu ja yake. Na goge, na koma washegari na sake aunawa, aikin Gambo lafiya lau. Na faɗa a gaban mutanen da na samu, amma ba duk waɗanda suka ji ta farko ne suka ji ta biyu ba. Sai da aka yi salla muka koma cin abinci a kwano ɗaya. Ki riƙa goge hancin gejinki. Idan kuma aikin mutum ya gaza da gaske, ki ja shi gefe, ki sake sifili a gabansa, ki ba shi ya ɗora da hannunsa ya karanta da idonsa. Mutum ya fi haƙuri da lambar da ya gani da kansa.

Yanzu sai tankin bayan Jajimaji.

Uwata, na yi aikin nan da zuciya ɗaya. Na kankare tsatsa har ƙarfe ya yi haske, na sa jan fentin ƙasa, na jira, na bi da sauran yadda takardar aikin ta ce. Gefunan da rufin duk na auna su da kaina tun ina sama, kuma ban ji kunyar abin da na gani ba. Amma ƙasan tankin, wato cikinsa da ke kallon ƙasa tsakanin ƙafafun ƙarfen, shi na bari ƙarshe. A kwance rabi nake fesa shi, hannu a sama, fenti yana dawo mini a fuska. Iskar yamma ta taso tana kwashe feshin. Kafaɗata ta yi nauyi, gwiwar nan ta fara abin da ta saba. Na gama dai, a ganin ido ya rufe. Na ce idan ya bushe in dawo in auna. Da na dawo sai na tarar masu katakon da muka kafa muka tsaya a kai sun kwance kayansu sun tafi wani aikin. Tsanin jikin tankin ta gefe yake bi, mai son kaiwa ƙasan sai ya ratsa ta kan ƙarfen giciye da bel. Na tsaya a ƙasa na ɗaga kai na daɗe. Na san ƙafata ba za ta kai ni ba.

Don haka ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Yana iya yiwuwa ya kai, yana iya yiwuwa wajen kusurwar da ke nesa da tsani ya yi siriri, don a nan hannuna ya fi gajiya. Ba ɓoye miki nake ba, ba kuma cika baki nake ba.

Kin san dalilin da ya sa wurin ya dame ni. Ruwan burtsatse da sanyinsa yake hawowa, waje kuma zafi, sai ƙasan tanki ya yi ta gumi. Rana ba ta kaiwa can ta busar. Duk tankin da na gani ya mutu, ta nan ya fara: ɗan tabo ja, sai ɗigo, sai a wayi gari ƙasa ta jiƙe. Kuma ba wanda yake ɗaga kai ya duba sai abin ya yi nisa. Mutanen ƙauyen nan kafin a kafa musu shi, daga kududdufin da shanu suke sha matansu suke ɗiba. Muna aiki suna aiko mana da kindirmo da dambu. Ranar da na tattara kaya, wata tsohuwa, yayar Bulaman garin, ta dogara sanda ta zo gindin tankin ta ɗaga kai, ta ce da irin Hausarta, “Malam, wannan zai kai jikokina?” Na ce, “In sha Allahu, Iya.” Ta ce, “To, na ji.” Ta juya ta tafi. Amsar nan da na ba ta ita nake so ki je ki duba mini ko gaskiya na faɗa.

Ga abin da nake so ki yi. Tun kafin ku tashi, ki sami ogan naki ki gaya masa a fili cewa tankin nan mahaifinki ne ya fesa. Kada ya ji a bakin wani. Idan ya ce wani ya auna, ki miƙa geji ba gardama, amma ki gaya wa wanda zai hau inda zai duba. Idan kuwa ya ce ke ɗin dai, to ki roƙe shi ya tsaya ya gani. Kada ki yi ciwon kan ƙarya ranar, na san kin yi tunaninsa. Kada kuma ki fara da gefuna don ki sami lambobi masu daɗi ki ji sanyi. Ki fara da ƙasan, ta kusurwar da ke nesa da tsani.

Na san abin da kike tsoro. Kina tsoron a ce Ado mai fenti, wanda ya yi shekaru ba a kira shi gyaran aiki ba, ga shi a aikinsa na ƙarshe babba 'yar cikinsa ta mayar da shi. Za a faɗa kuwa, har a rumfar mai shayi, kuma Maina zai samo mini sabon suna. Ba zan ce miki ba zan ji ba, zan ji. Amma na kankare ƙofofin Alhaji a tsakiyar kasuwa ban mutu ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in zauna a rumfata ana gaishe ni da sunan gwani, can kuma ruwa yana ɗiga a kan ƙasa, kuma in san cewa ranar farko da 'yata ta riƙe amanar mutane, saboda ni ta karkatar da hannu. Wanda ya karkatar sau ɗaya don babansa, gobe za a kawo masa baban wani. Ban biya miki makaranta da hayaƙin tina, ruwan tsinka fenti, a ƙirjina don wannan ba.

Kuma kada ki ɗauka ina cikin damuwa. Wallahi raina fari ƙal. Na ajiye samfefar goge ƙarfe, akwai ragowar fenti irin na aikin a rufe da kyau, na yi magana da masu katako, Maina ya ce motarsa tana nan, mai rufin gaske a wannan karon. Idan sakewa ce, kwana kaɗan ne, kuma zan sami wanda zai riƙe mini bindiga idan kafaɗa ta gaji, ba zan yi taurin kai ba. Innarki ma na zaunar da ita na yi mata bayani. Ta yi tsaki ta ce ni da ke duk kanmu ɗaya, sannan ta tashi ta ƙara miki yaji a cikin kaya.

Ba ki san mahaifiyata wadda kika ci sunanta ba, kina goye ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Idan ta sa mu wanke tukunya muka kawo mata muna washe baki, ba ta kallon cikin. Juya ta take yi, ta bi gindin da yatsa, ta nuna mana yatsan. Ba ta zagi, ba ta duka, sai dai ta miƙo maka tukunyar. Mun sha jin haushi. Amma idan ta juya ta shafa ta ajiye a gefe, ranar nan har dare ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Tun da ta tafi ban sake samun wanda zai juya mini aikina haka in yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Masu yabo suna da yawa, masu kushe ma akwai, amma duk cikin tukunyar suke kallo.

To ga shi Allah Ya maido mini da ita, har da geji a hannu. Ki hau ki shafa gindin tukunyar, Uwata. Idan ya kai, ki kira ni ki ce ya kai, in je in gaya wa tsohuwar nan da bakina. Idan bai kai ba, ki rubuta, kuma ki rubuta sunana cikakke yadda kowa zai gane, ki miƙo mini abina. Zan zo in sake, ke kuma ki tsaya a kaina har ya bushe.

Sauran nasiha kin san ta. Ki riƙe salla a kan lokaci ko kina daji. Ki sha ruwa kafin ki hau sama, kada ki hau da jiri. Ki cire batir daga geji idan za ki daɗe ba ki yi aiki da shi ba, kada ki bar shi a mota cikin rana. Ki je ki gaida Baba Maina da iyalinsa, ki gaida Gambo, ki ce ina nan ina goge hanci. Mayen ƙarfen nan da za ki gani a naɗe cikin tsumma a gefen akwatin, tsohon nawa ne. Ba zai yi miki aikin komai ba, kuma kada ki bar shi kusa da gejin, ki sa shi a jakar kayanki. Na dai so wani abu nawa ya bi ki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare ƙafarki a kan ƙarfe, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Allah Ya sa ki hau lafiya ki sauko lafiya, Ya ba ki ƙarfin faɗar abin da kika gani, Ya ba mu ƙarfin ji. Innarki tana gaishe ki, ta ce kada ki sayi kifi a hannun wanda ba ki sani ba. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki, kuma ɗanki mai jiran a duba masa tukunya,
Ado mai fenti, Nguru.